Yadda ake neman amincewar jami'in kwangila kafin a raba aiki a kwangilar gwamnatin Amurka

Da wuya kamfanin da ya ci kwangilar gwamnatin tarayyar Amurka ya yi aikin duka da hannunsa. Wanda aka ba gyaran jirgin soja sai ya nemi mai ƙera masa wasu sassa. Wanda aka ba aikin ilimi a Bauchi da Sakkwato, irin wanda hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, ta yi shekaru tana bayarwa kafin a rufe ta a 2025, sai ya nemi mai buga littattafai da mai ba da hayar motoci da mai horas da malamai. Raba aiki haka ba laifi ba ne, kuma ba shi ne abin da muke kira sayar da kwangila ba, inda mutum zai karɓi kasonsa ya kama gabansa. A tsarin Amurka babban ɗan kwangila yana nan ɗaure da aikin har ƙarshe, kuma akwai ƙananan kwangilolin da ba shi da ikon bayarwa sai jami'in kwangila na gwamnati ya amince a rubuce.

Na rubuta wannan ne don mutum biyu: ma'aikacin sashen sayayya a babban kamfani, da mai ƙaramin kamfani da ke jiran a ba shi wani yanki na aikin, ko a jihar Maryland ta Amurka yake ko a Abuja. Abin da nake so su riƙe shi ne, takardar neman amincewa ba ranar aikawa ake haɗa ta ba. Tun ranar da aka fara neman wanda zai yi aikin ake tara ta, kuma wanda bai tara ba a lokacin, ba zai iya ƙirƙiro ta daga baya ba.

Mataki na 1: Buɗe kwangilarka ka nemo 52.244-2

Dokar sayayya ta gwamnatin tarayya, wadda ake kira FAR, ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 1984. Maganar raba aiki tana kashi na 44, sharaɗin da ake sawa cikin kwangila kuma lambarsa 52.244-2. Ka duba sashen I na kwangilar, inda ake jera sharuɗɗa, sannan ka leƙa sashen H, domin wasu hukumomi a nan suke ƙara nasu ƙa'idojin. Sau da yawa lamba da take kawai za ka gani, ba a kwafo rubutun ba, amma ƙarfinsa ɗaya da wanda aka rubuta cikakke.

Wurare biyu ne a cikin sharaɗin jami'in kwangila ke cikewa da kansa. Sakin layi na (d) shi ne jerin ƙananan kwangilolin da ya ce lalle a nemi izininsa a kansu ko da me ake ciki. Sakin layi na (j) kuma jerin waɗanda ya riga ya tantance lokacin ciniki, aka yafe maka sake nema. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami: suna ganin tun da sun ambaci sunan kamfani a takardar neman kwangila, gwamnati kuma ta ba su aikin, to an amince ke nan. Dokar ta faɗi ɓaro-ɓaro cewa ambaton suna lokacin ciniki ba ya wadatarwa. In sunan ba ya cikin (j), sai ka nema.

Ka kuma lura da watan da shekarar da ke gaban taken sharaɗin. A watan Afrilun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin sake rubuta FAR, hukumomi kuma suka shiga ɗaukar sabon rubutu. Lambobin da nake kawowa na tsarin da aka daɗe ana aiki da shi ne, amma abin da ya ɗaure ka shi ne rubutun da ke cikin kwangilarka. In kuwa abin da ke hannunka tallafi ne ko yarjejeniyar haɗin gwiwa, ba kwangila ba, to wata doka ce daban ke aiki, wato 2 CFR 200, wannan jagorar ba taka ba ce.

Me ya sa wasu kwangilolin ba su da wannan sharaɗi? Saboda inda haɗarin kuɗi yake. In jinga aka yi, an yanke farashi an gama, to ko nawa ka ba ƙaramin ɗan kwangila daga ribarka ne, gwamnati ba ta da asara. Amma in kwangilar ta mayar da kuɗin da aka kashe ce, ko ta biyan awannin aiki da kayan aiki, ko ta wasiƙa wadda ake fara aiki kafin a kammala ciniki, to tsadar da ka sayo tana zarcewa ne kai tsaye zuwa baitulmali. Shi ya sa ake sa ido. Ko a kwangilar jinga ma, in aka ƙara maka aikin da ba a yanke farashinsa ba tukuna, wannan ƙarin yana shiga ƙarƙashin sharaɗin.

Mataki na 2: Shin an amince da tsarin sayayyar kamfaninku?

Wannan tambaya ce ke raba hanya biyu. Gwamnati tana binciken yadda manyan kamfanoni ke sayayya, binciken da ake kira CPSR. Ana duba bukatarsa ne in ana sa ran cinikin kamfani da gwamnati zai wuce dala miliyan 25 a wata 12 masu zuwa, ban da kwangilolin jinga da aka ci ta hanyar gasa da kayan kasuwa na yau da kullum. A Ma'aikatar Tsaro iyakar dala miliyan 50 ce, kuma hukumarta mai kula da tafiyar kwangiloli, DCMA, ce ke yin binciken.

In an bincika an ba ku takardar amincewa, to an sauƙaƙa muku: izini sai a kan abin da aka rubuta a (d). In ba a ba ku ba, ko an janye, ko ba ku kai girman da za a bincike ku ba, to mataki na gaba naku ne. Kada ka dogara da maganar baki cewa "ai tsarinmu an amince da shi". Ka nemi takardar ka ga kwanan watanta, ka ajiye kwafi.

Mataki na 3: Lissafin iyaka

Ga kamfanin da ba a amince da tsarinsa ba, ƙa'idar kashi biyu ce.

Ƙaramar kwangilar da ba ta jinga ba, wato ta mayar da kuɗi ko ta awannin aiki, tana bukatar izini komai ƙanƙantarta. Ƙwararren da za ka ɗauka ta kamfaninsa na kwana 10 ana biyansa da awa ya shiga ciki. Wannan ne aka fi mantawa.

Ƙaramar kwangilar jinga kuwa sai ta haye wata iyaka. Ana auna ta da ma'auni biyu: iyakar sayayya mai sauƙi, wato adadin da in ba a haye shi ba gwamnati ke sayayya ta hanya mai sauƙi, da kashi 5 cikin 100 na ƙiyasin kuɗin babbar kwangilar. Iyakar sayayya mai sauƙi ta zauna a dala 250,000 na wasu shekaru, aka ɗaga ta zuwa dala 350,000 daga 1 ga Oktoba, 2025. Bambancin yana ga hukumar da ta ba ka aiki. Ga Ma'aikatar Tsaro da NASA da rundunar tsaron gaɓar teku, wanda ya fi girma cikin biyun ake ɗauka. Ga sauran hukumomin farar hula, ko wanne ka haye ya isa, wato ƙaramin ne ke kama ka.

A ce ƙiyasin kwangilarka dala miliyan 4 ne. Kashi 5 ya kama dala 200,000. Kana so ka ba wani jingar dala 260,000. In Ma'aikatar Harkokin Waje ce ta ba ka aikin, sai ka nemi izini, domin ka haye 200,000. In sojoji ne, ba ka kai 350,000 ba, ka wuce abinka. Yanzu a ce kwangilar ta dala miliyan 20 ce. Kashi 5 ya zama dala miliyan 1. A wajen sojoji ba ka bukatar izini sai jingar ta wuce miliyan 1, amma a wajen farar hula 350,000 ce iyakarka. Ka yi wannan lissafi ranar da aka sa hannu kan kwangila, ka rubuta lambar, ka manna ta a bangon ofishin sayayya inda kowa zai gani.

Abubuwa biyu na ƙari. Kalmar ƙaramar kwangila a wannan doka ta haɗa da odar sayen kaya da duk wani gyara da aka yi mata, don haka kiran takarda "oda" ba ya fitar da ita. Sannan akwai sanarwa tun kafin bayarwa, wadda ta bambanta da neman izini: a kwangilar mayar da kuɗi ta hukumomin farar hula, ko an amince da tsarin sayayyarku, dole ku sanar da jami'in kafin ku ba da ƙaramar kwangila mai mayar da kuɗi da ƙayyadajjen lada, ko jingar da ta haye iyakar nan. Ba sai kun jira amsa ba, amma sanarwar wajibi ce.

Kada ka yanka aiki ɗaya gida biyu don ka tsallake iyaka. Masu bincike sun san wannan dabara tun kafin mu fara aiki: oda biyu ga kamfani ɗaya, a mako ɗaya, kan kaya iri ɗaya.

Mataki na 4: Gina fayil

Nan ne aikin yake, nan kuma zan daɗe.

Jami'in da zai karanta takardarka yana da jerin tambayoyi 13 a sashe na 44.202-2. Ba zan jera su duka ba, amma zuciyarsu huɗu ce: an yi gasa ta gaskiya? Farashin ya yi daidai, kuma da me ka auna? Wanda ka zaɓa zai iya aikin, kuma ba ya cikin waɗanda aka haramta wa kwangila? Irin kwangilar da ka zaɓa ta dace da haɗarin aikin?

A kan gasa, abin da doka ke nufi shi ne masu neman aiki biyu ko fiye, kowa ya cancanta, kowa ya kawo farashinsa ba tare da haɗa baki ba. Na taɓa karɓar fayil a wani ofishin aiki, na sayen kujeru da tebura, takardun farashi uku cif kamar yadda aka saba. Kowace da tambarinta da launinta. Da na jera su a kan tebur sai na ga kalma ɗaya an rubuta ta ba daidai ba a duka ukun, a layi ɗaya, lambar wayar da ke ƙasan ta biyu kuma ita ce a saman ta uku. Mutum ɗaya ne da kamfani uku. Abokin aikina da ya haɗa fayil ɗin ba cuta ya yi niyya ba, sauri ake yi, ya ce wa mai kayan ya kawo masa guda uku. Muka soke, muka sake tallata aikin, aka yi asarar mako uku. Da ta wuce hannunmu ta isa gaban jami'in kwangila, da duk takardar da muka aika bayanta sai an tona ta har ƙasa.

In babu gasa, ka faɗi gaskiya ka kawo dalili. Wataƙila kamfani ɗaya ne ke da lasisin manhajar, ko shi kaɗai ke da ma'aikata a yankin da ake aikin. Dalili mai ƙarfi a rubuce ya fi gasar ƙarya. Amma "mun saba aiki da su" ba dalili ba ne. In kuma kamfanin ɗan'uwan naku ne, mai shi ɗaya ko akwai hannun jari tsakani, ka bayyana da kanka. Doka ta umurci jami'in ya ƙara tsananta dubawa a irin wannan hali, kuma gara ya ji daga bakinka.

A kan farashi, kada ka tsaya a cewa "shi ne mafi araha". Ka nuna abin da ka kwatanta: farashin sauran masu nema, abin da aka biya a baya kan irin kayan, farashin kasuwa da aka wallafa, da ƙiyasin da kai ka yi kafin ka buɗe takardun kowa. Wannan ƙiyasi na ƙarshe shi ne abin da ba ya yiwuwa a yi daga baya, domin kwanan watansa dole ya riga na takardun farashi. In aikin babba ne, ya haye iyakar da ke sashe na 15.403-4, wadda ta kasance dala miliyan 2 tun Yulin 2018 kafin a sake ɗaga ta, kuma ba a yi gasa ba, ba kuma kayan kasuwa ba ne, to sai ƙaramin ɗan kwangilar ya kawo cikakken bayanin kuɗaɗensa da takardar shaidar cewa bayanin daidai ne, cikakke ne, na yanzu ne.

A kan cancanta, ka shiga shafin intanet na gwamnatin Amurka, SAM.gov, ka bincika sunan kamfanin da na masu shi cikin jerin waɗanda aka dakatar ko aka haramta wa. Ka ajiye hoton shafin da kwanan wata a jiki, sannan ka sake dubawa ranar sa hannu. Ka haɗa da takardar rajistar kamfani, shaidar ayyukan da ya yi a baya, da abin da ke nuna yana da kuɗin da zai riƙe aikin kafin a biya shi.

Sai daftarin ƙaramar kwangilar kanta. Dole bukatun aikin da ke babbar kwangila su sauko cikinta ba tare da an rage ko an kumbura ba, haka ma sharuɗɗan da doka ta ce a gangaro da su. Ɗaya daga ciki ya shafi masu aiki a ƙasashenmu sosai: sharaɗi na 52.204-25, wanda tun Agustan 2019 ya hana a kawo wa gwamnatin Amurka kayan sadarwa da na sa ido na Huawei, ZTE, Hytera, Hikvision da Dahua. Duk wanda ya shiga kasuwar kayan lantarki a Kano ko Abuja neman kyamarar tsaro ya san Hikvision da Dahua ne za a fara miƙo masa. In aikin na saka kyamarori ne ko na intanet, ka nemi sunan kamfanin da ya ƙera kowace na'ura tun a takardar farashi.

Abu na ƙarshe a fayil shi ne bayanin ciniki. Ka rubuta nawa ka yi niyyar biya, nawa suka nema, a nawa aka tsaya, me ya jawo bambancin, an nemi bayanin kuɗi mai shaida ko ba a nema ba da dalili, kuma in akwai ladan ƙwazo, yaya aka tsara shi. Ka rubuta shi ranar da aka gama ciniki, kafin a manta wa ya ce me.

Mataki na 5: Cire abin da ba za a taɓa amincewa da shi ba

Sashe na 44.203 ya ɗaure hannun jami'in a kan abubuwa biyar. Ko yana so ba zai iya sa hannu ba.

Na farko, biyan kuɗin da aka kashe haɗe da kaso bisa ɗari na abin da aka kashe. A kasuwanninmu wannan ba baƙon abu ba ne, mutum ya ce a ba shi goma cikin ɗari na duk abin da ya sayo. A nan haramun ne, dalilin kuma a fili yake: wanda ya kashe 100 ya samu 10, in ya kashe 200 zai samu 20, ka ga an ba shi lada kan ɓarna. Lada sai dai a yanke shi da adadi tun farko.

Na biyu, lada da ya wuce iyaka a kwangilar mayar da kuɗi: kashi 15 na ƙiyasin kuɗi a aikin bincike da gwaji, kashi 10 a sauran ayyuka, ga masu zanen gini kuwa kuɗin zanen gaba ɗaya, har da ladan, kada ya wuce kashi 6 na ƙiyasin kuɗin gini. Na uku, sharaɗin da zai tilasta wa jami'in yin hulɗa kai tsaye da ƙaramin ɗan kwangila. Na huɗu, sharaɗin da zai sa hukuncin sulhu ko na kotu tsakaninku biyu ya ɗaure gwamnati. Na biyar, yawan maimaita kwangilar mayar da kuɗi ko ta awa a aikin da ya isa a yanke masa farashi.

Mataki na 6: Aikawa, da jira

Wasiƙar ta zama gajera: lambar babbar kwangila, bayanin aikin, irin ƙaramar kwangilar, sunan kamfani, farashi, ranar da kake son a fara, da jerin takardun da ka haɗa. A mafi yawan lokuta jami'in da ke kula da tafiyar kwangila bayan an bayar da ita shi ke da wannan iko, sai in wanda ya bayar da kwangilar ya riƙe ikon a hannunsa. Ka tambaya tun farko wane ne.

Akwai wakilin jami'in kwangila, wanda ke duba ingancin aiki, shi kuke gani kullum, shi kuke zama taro da shi. Ba shi da ikon ba da wannan izini. In ya ce maka a waya "ba matsala, ku ci gaba", ka gode masa, ka roƙe shi ya taimaka a duba takardar da wuri, amma kada ka sa hannu. Amincewa a wannan doka rubutacciya ce, daga jami'in kwangila.

Doka ba ta yanke adadin kwanaki ba, cewa ta yi a sanar da isasshen lokaci. Don haka ka tambayi jami'inka kwana nawa yake bukata, ka sa su cikin jadawalin aiki. Shirun jami'i ba izini ba ne. In an riga an yi kuskure an ba da aiki, ka rubuta ka faɗa da wuri ka nemi ya amince daga baya. Yana iya yarda, yana iya ƙi, kuma kuɗin da aka kashe kafin nan suna kan wuyan kamfani har sai an warware.

Kai kuma mai ƙaramin kamfani, ka sani ba ka da kwangila da gwamnatin Amurka. Da babban kamfanin kake da ita, shi zai biya ka, shi za ka bi in an samu matsala. Ka tambaye su kai tsaye: aikin nan yana bukatar izini, kuma ya fito? Kada ka ci bashin banki ka sayo kaya ko ka ɗauki ma'aikata saboda an ce maka an kusa. In sun nemi bayanin albashin ma'aikatanka ko rasit na ayyukan baya, ba raina ka suka yi ba, abin da za su kai gaban jami'in ne, kuma saurin da ka yi wajen bayarwa shi ne saurin fitowar aikinka.

Mataki na 7: Bayan izini ya fito

Ka karanta wasiƙar da kyau, domin wani lokaci izinin da sharaɗi yake zuwa: a gyara kaza, ko kada a wuce adadi kaza. Ka sa hannu kan daftarin da aka duba, ba wani da aka sauya bayan nan ba.

Izinin ba ya nufin gwamnati ta yarda farashin daidai ne, ko sharuɗɗan sun yi, ko za ta mayar maka da duk abin da ka biya, sai in wasiƙar ta faɗi haka ƙarara. Sakin layi na (f) ya ce nauyin aikin yana nan a kanka. Masu binciken kuɗi suna iya zuwa bayan shekara biyu su tuhumi kuɗin da aka kashe a ƙaramar kwangilar da aka amince da ita, abin da zai kare ka a ranar shi ne fayil ɗin mataki na 4.

In za a ƙara kuɗi, ko a faɗaɗa aiki, ko a sauya irin kwangilar, ka koma mataki na 3 ka sake lissafi. Jingar dala 180,000 da ba ta bukaci izini ba, in aka ƙara mata 60,000 a kwangilar farar hula mai iyakar 200,000, ta haye, sai a nema kafin a sa hannu kan ƙarin. In kuma ƙaramin ɗan kwangila ya kai ku kotu, ko ya kawo da'awar da kuke ganin za ta kai ga shari'a kuma kuɗinta na iya komawa kan gwamnati, sakin layi na (h) ya wajabta ku sanar da jami'in kwangila a rubuce nan take. Kwafin wannan sanarwa, da wasiƙar izini, da kowane gyara da aka yi, duk su shiga fayil ɗaya da lambar ƙaramar kwangilar a bayansa.